Kawu Sule da Layuka Biyar

Duk wanda ya san Kawu Sule a Fagge ya san ba a gaishe shi a tsakiyar ƙirga. Za ka tarar da shi a bakin shagonsa na gyaran keken ɗinki yana buga yatsa a benci, ka yi sallama, ya ɗaga maka hannu, sai ya kai huɗu tukuna ya amsa. Ko ni da nake 'yar ƙanwarsa ban tsira ba.

Gurmi yake kaɗawa, gadon mahaifinsa, makaɗin 'yan kokawa. Bai taɓa yin roƙo da shi ba. Ranar da ya ga yatsunsa sun fara sanƙarewa, kuma 'ya'yansa babu mai ko kallon gurmin, tsoro ya kama shi kada taken kakanmu ya bi shi kabari. A lokacin na shiga makarantar yaƙi da jahilci da shekara arba'in. Ya ce in dai kaina ni Ladi ya ɗauki boko, to nasa zai ɗauki rubutun kiɗa. Na ce masa sai dai mu gani.

Ya samo Mista Obinna a Sabon Gari, mai sayar da kayan rediyo, wanda ke koya wa mawaƙan cocinsu waƙa, yana kuma da fiyano a bayan shago. Littafi kuwa Kawu ya ƙi saye. Kwalayen atamfa yake tsintowa a Kantin Kwari ya ja layuka biyar da tsinken ɗinki, ya jera ɗigogi kamar tururuwa.

Wata rana ya zo gidana har da saurinsa, wai ashe shiru ma rubuta shi ake yi. Ya zana mini alamar a kwali.

“Manna a ƙofarki, Ladi. Mijinki zai sa mini albarka.”

Na jefe shi da mafici.

Taurin kai kuwa sai Kawu. Da aka zo darasin saurin kiɗa da jinkirinsa, ya ce shi ba za a koya masa wannan ba, sauri a jini yake. Ya rubuta taken shiga filin kokawa tsaf, ya tafi da ni shaida. Mista Obinna ya gyara tabarau, ya zauna gaban fiyano ya bi takarda a hankali, a natse, kamar ana rakiyar gawa. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya wa ya rasu. Mista Obinna ya ce abin da aka rubuta ya kaɗa, takarda ba ta da jini.

Kwana uku Kawu bai ci abincin kirki ba. Na je na faɗa masa gaskiya, don ni ba na ɓoye-ɓoye: ni ma na tsaya a gaban allo na rubuta sunana a juye mata suna dariya, kuma ban mutu ba. In girman kai ya fi masa ubansa, to ya zauna. Washegari ya koma.

Bayan wata biyu ya ce shi ba zai yarda da kunnensa ba, tunda ya san abin da yake jira ya ji. Ya ɗauko Baba Tanko, tsohon ɗan kokawar da kakanmu ya sha yi wa kiɗa, ya sa shi a adaidaita sahu bai gaya masa inda za su ba. Aka zaunar da tsoho a kan kujera kusa da fiyano. Mista Obinna, wanda bai taɓa ganin filin kokawa ba, ya fara kaɗa taken daga takarda. Baba Tanko ya ɗaga kai. Can sai ya yar da sanda, ya miƙe, ya ware ƙafafu yana neman abokin karo. Da ƙyar na riƙe shi kada ya rungumi mai shago.

Kawu bai yi dariya ba. Ya juya yana share ido da hula.

“Ladi, Babana ya shiga takarda.”

Bara Kawu ya rasu. Mista Obinna ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma har la'asar, ya ce shi ma ya rasa malami.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya sada shi da mahaifinsa a gidan rahama.