Shekara Arba'in da Ɗaya a Layin Kujera

Leland Zastrow ya sa sunansa a layin kujera a satin da ya auri Darlene, yana ɗan shekara ashirin da shida. A Port Halden haka ake yi. Filin ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garin babu kujerar da ba ta da mai ita, kuma wanda ya samu ya samu ke nan, in ya mutu ya bar wa 'ya'yansa kamar gona. Wanda bai gada ba sai ya rubuta suna a ofis ya koma gida ya jira. Duk shekara, in ƙanƙara ta narke, ofis ya aiko masa da kati mai ɗauke da lambarsa a layi. Katin Leland na farko dubu huɗu da wani abu ya nuna.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a faɗi shekara nawa yake yi yana hura wutar ba. Leland ya yi aiki a masana'antar takarda har ya yi ritaya, ya aurar da 'ya'ya biyu, gashin kansa ya zube, katunan kuwa suna ta taruwa a cikin gwangwanin biskit. Duk Lahadin da ake wasa a gida, yakan tuƙa a-kori-kurarsa zuwa wurin ajiye motoci na filin, ya hura gawayi, ya gasa nama, su ci da burodi da cuku shi da maƙwabcinsa Orville Maas. Orville ya gaji kujeru biyu daga ubansa. In lokaci ya yi kowa ya shige, Leland ya rufe kansa a mota ya kunna rediyo. Ihun 'yan kallo yakan tsallako katanga ya riga mai sharhi isowa, saboda haka tun kafin a faɗa ya san an ci.

Ba wai bai taɓa shiga ba. Orville ya sha ba shi aron kujera, ya shiga sau biyu, daga nan ya daina karɓa. "Kayan aro ba ya rufe katara," in ji shi. "Ranar da zan zauna, a tawa zan zauna." Taurin kai ne, kowa ya sani, amma an saba da shi.

Kati na arba'in da ɗaya ya zo da lamba talatin da takwas. A watan ne kuma likita ya gaya masa tsakiyar ganinsa yana mutuwa, kuma babu magani. In ya yi sa'a zai iya kallo a kakar wasa ta baɗi, bayan ita sai dai inuwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Layin nan ba ya tafiya sai ƙungiya ta lalace. Shekarar da ake ta shan kashi, mutane ɗari biyu sukan yi fushi su mayar da kujerunsu. Shekarar nasara kuwa ko mai jinya ba ya sakin tasa. Leland ya san wannan lissafi sarai, don a gwangwaninsa yake.

Da kakar wasa ta fara, aka ci ƙungiyar wasa huɗu a jere. Gari ya yi tsit, masu kantuna suka fara sauke tutoci. Leland yana cikin masu girgiza kai, amma can ƙasan ransa wani daɗi yake ji, daɗin da yake ba shi kunya.

"Kai tsoho, ni ban gane maka ba," in ji Orville yana juya nama. "An yi mana dukan kawo wuƙa, kai kuwa sai ƙiba kake."

"Girkin Darlene ne."

"Shekara arba'in tana girkin nan kana nan kamar sillen kara. Sai bana?"

Daga nan abu ya juya. Suka ci wasa, suka ƙara ci, suka yi ta ci har suka kammala kaka da nasara goma sha ɗaya, suka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Tutoci suka dawo. Limamin coci ma gajarta huɗuba yake ranar Lahadi don kada mutane su makara. Suka fitar da ƙungiya ta farko, suka fitar da ta biyu. Saura wasa ɗaya, a gida, wanda in suka ci sun kai wasan ƙarshe na kofi. Rabon garin da haka tun Leland yana da gashi.

Ana jibi wasan Orville ya shigo da tikiti a hannu, ya ce ɗansa ba zai samu zuwa ba. "Ka ajiye girman kan nan naka, Lee. Wannan ba irin wasan da ake ji a rediyo ba ne."

Darlene ta bar wanke-wanke ta juyo. Ita kaɗai ta san maganar likita. "Ka je mana, Lee. Ka je ka gani."

Bai karɓa ba. Su biyun suka ɗauka tsohon taurin kan ne. Gaskiyar ita ce ba zai iya zama cikin mutum dubu sittin masu roƙon abu ɗaya ba, shi yana roƙon kishiyarsa.

Ranar wasan dusar ƙanƙara ta yini tana zuba. Leland na cikin mota da bargo a gwiwa. Saura daƙiƙa huɗu a tashi, ana gabansu da maki biyu, aka kira mai bugun ƙungiyar, wani saurayi da bai ɓarar da bugu ko ɗaya ba tun watan Oktoba. In ƙwallon ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu da ke ƙarshen fili, maki uku ne, an ci wasa. Leland ya dafa sitiyari. Mutumin da ya so ƙungiyar nan tun kafin ya san Darlene, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ya Ubangiji, ka sa ta kauce."

Ya jira ihu daga bayan katanga. Ihu bai zo ba. Can rediyo ya ce ta kauce dama.

Mutane suka fito kamar daga jana'iza. Orville ya buɗe ƙofar mota ya zauna, fentin launin ƙungiya da ya shafa a fuska duk ya caɓe da hawaye. "Gara kai da ba ka gani ba, mutumina," in ji shi. Leland bai iya kallonsa ba. Tun daga ranar ya rage fita, in an kawo zancen wasan a wurin aski sai ya ɗauki hularsa. A ransa ya gaskata shi ya karkatar da ƙafar saurayin, kuma abin ya ci shi fiye da ciwon ido.

Kati na arba'in da biyu ya iso a watan Afrilu. Ƙungiyar da ta kai bakin kofi, wa zai saki kujerarta? Kowa cewa yake baɗi tamu ce. Leland ya kai katin bakin taga, ya matso da shi, ya nisanta shi, ya karkata kai. Yana ganin gefunan katin da tambarin ƙungiya, tsakiya kuwa inda lambar take sai duhu. Ya miƙa wa Darlene.

Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ashirin da tara."

"Mutum tara ke nan suka saki."

"Tara."

Ya lalubo gwangwanin biskit, ya sa katin a kan 'yan'uwansa, ya danne murfin da tafin hannu. Ya jima zaune da shi a cinya.

"Darlene," in ji shi, "da na sani na bar yaron nan ya ci ƙwallonsa."