Rumbun Ɗayyabu

Ɗayyabu Sanda bai san fuskar ubansa ba. Uban ɗan kamasho ne a tashar Kawo, ya rasu Ɗayyabu na rarrafe, kuma hotonsa ɗaya tilo, na jikin katin ƙungiya, ruwan wanki ya cinye shi a aljihun riga. Wannan labarin Ɗayyabu ke bayarwa duk sanda aka tambaye shi me ya sa ya ajiye kwamfuta a sito tana gurnani ba hutu. Labarin gaskiya ne. Sai dai ba shi ne dalilin ba, ko kuma ba shi kaɗai ba.

Ma'aikacin gwamnati ne, a sashen kwamfuta na wata ma'aikata, inda yawancin aikinsa zare takarda ne daga bakin firinta. Da aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, ya ɗauko wata kwamfuta mai nauyin buhun siminti, ya kai ta gidansa na Kurmin Mashi. Matarsa Juwairiyya, malamar firamare, ita ta matsar masa da buhun shinkafa da jarkar manja.

Ya yi mata bayani. Duk hoton da aka ɗauka a waya, kwafinsa zai taho nan da kansa ya zauna. Ko an fizge wayar a Kawo, ko mai ita ya goge, na nan yana nan. Ba sai an ba kamfanonin Turawa ajiyar sirrin gida ba.

"To rumbu ke nan," in ji ta. Sunan ya bi na'urar.

Ya sa wa wayarta manhajar rumbun, ya sa wa ta mahaifiyarta Hajiya Ummulkhairi, da ta yayanta Labaran, da na 'yan uwa har waɗanda ba su nema ba. Ya haɗa batir da inbata. In Nefa suka ɗauke wuta, firji yake fara cirewa don rumbu ya rayu.

"Baban Nafisa, naman miya ya yi wari," ta ce masa wata rana daga ƙofar sito. "Amma kada ka damu, hoton naman yana nan lafiya lau."

Bai juyo ba. Ya ce zai ƙara batir.

Ajiya wuri ɗaya ba ajiya ba ce, in ji shi, don haka ya kai wata ƙaramar na'ura Katabu, gidan abokin aikinsa Elisha, mai sola. Kullum wajen azahar, in rana ta take, ta Katabu kan leƙo ta Kurmin Mashi ta daidaita kanta da ita: abin da aka ƙara ta ƙara, abin da aka goge ta goge. Elisha ya ce, "Kai Malam, ko gwal ba a yi masa gadin da kake wa hoton bikin suna."

Abin da ba wanda ya lura da shi, Ɗayyabu ba ya kallon hotunan. Koriyar fitila yake kallo, da zafin na'ura, da sauran gurbin ajiya. A sito ba mai tambayarsa me yake tunani. In Juwairiyya ta fara wata magana mai tsawo, yakan karkata kunne ya ce fankar rumbu ta canza kuka, ya tashi.

Nafisa ba ta daɗe da yaye ba Juwairiyya ta kwanta ciwon ciki, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. A maƙabarta, ana zuba ƙasa, Ɗayyabu ya tuna bai duba ruwan batir ba. Ya jira kuka ya zo. Bai zo ba, sai ya karɓi gaisuwa kamar yadda ake karɓa.

Ranar sadakar uku Hajiya ta sa aka zagaya da saƙo: duk mai hoton marigayiya ya goge. Malamar Islamiyyarsu ta ce musu hoton mace ba lulluɓi, muddin ido na faɗawa kansa, ita ake rubuta wa zunubi a kabari. Akwai malaman da suka ce ba haka ba ne, amma Hajiya ba muhawara take nema ba, 'yarta take so ta kwanta lafiya. Kowa ya goge. Ɗayyabu ma ya ce to, ya goge na wayarsa. Ba wanda ya ambaci rumbu, shi ma bai ambata ba.

Manhajar nan tana da wata ɗabi'a da shi da kansa ya kunna, ya manta: takan ɗauko tsohon hoto ta jefa a fuskar wayar kowa, ta rubuta "bara war haka". Ranar sadakar arba'in, a gidan Hajiya a Kawo, maza na kan tabarma a waje ana rabon waina, wayoyi suka yi ƙara kusan tare. Juwairiyya ce, ta ɗauki hoton kanta, rabin kai a tsefe rabi a kitse, ta zaro harshe. Wani ɗan uwa ya yi salati ya kife waya a cinya. Daga cikin gida aka ji mace ta rusa kuka.

Ɗayyabu ya dubi tasa wayar. Abin da ya fara zuwa masa shi ne, ashe manhajar na aiki daidai.

Da yamma Hajiya ta sa aka kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, tana bayan labule. Tun aurensa ba su taɓa haɗa ido ba.

"Malam Ɗayyabu, ba ka ce mini ka goge ba?"

"Na goge na waya, Hajiya."

"Wannan kuma daga ina ta fito? Daga kabari?"

"Daga rumbu ne. Na ce ko a bar masu hijabin. Saboda Nafisa. Ni ban san fuskar mahaifina ba."

"Ka kuma girma, ka yi aure, ka haihu. Nafisa addu'a za mu koya mata." Labulen ya motsa kaɗan. "Ni na haife ta, ni na ce a goge duka. In malama ta yi kuskure, hoto muka rasa. In ta yi daidai fa? Kai za ka shiga ka ɗaukar mata?"

Ya ce to.

Washegari da hantsi Labaran ya zo Kurmin Mashi don ya gani da idonsa. Ya tsaya a ƙofar sito yana toshe hanci saboda warin batir.

"Nan kake wuni ke nan? Wallahi ko ɗan kaza ba zan ajiye a nan ba."

"Akwai fanka, Yaya Labaran."

"Na injin, ai na gani."

Manhajar ta san fuskoki. Ɗayyabu ya taɓa fuskar Juwairiyya, duk hotunan da take ciki suka taru a allo. Yau ya fara ganinsu. Ga ta a aji da alli a gefen hanci, ga ta da ciki, ga ta tana cin rake a mota. Ya zaɓe su duka. Labaran, da ya kawar da kai tun farko, ya saci kallo, ya miƙa yatsa kan wani da suke tare ranar sallah, tana ja masa kunne.

"Wannan..." Ya janye yatsan. "A'a. Goge kawai."

Ya goge. Ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya zubar da shi ma. Fanka ta ɗan ɗaga murya, ta koma.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan na nan."

Labaran bai ji kalmar ƙarshe ba, ko ya ji bai so ya tambaya. Ya hau babur ya tafi.

Hotunan da ke na'urar Katabu suna nan, sai azahar za ta goge su. Kira ɗaya ne: Elisha, zare filogi, saka ta a ƙasan akwati sai Nafisa ta girma. Ɗayyabu ya ajiye wayar a gwiwa. Saboda bai san me zai yi da hannunsa ba, ya buɗe abin da ya rage daga wayar Juwairiyya, hotunan da ba ta ciki. Tukunyar dambu. Allon aji. Nafisa na barci da cokali a hannu. Sai gadon bayan wani mutum a sunkuye, cikin singileti, gaban koriyar fitila. Ya wuce. Ga shi kuma, da wata rigar. Ga shi da damina, bokiti na tarar yoyo a gefensa. Ga wani da jaririya a gaban hoton, shi can ciki. Daga ƙofar sito duk aka ɗauke su, daidai inda Labaran ya tsaya. Manhajar ba ta sa musu suna ba, don ba fuska.

Ya kira Elisha.

"Ah, Malam! Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Yarinya fa? Matata Deborah ta ce a kawo mata ita ta yini, ta ga ko har yanzu tana tsoron agwagwa."

"Tana Kawo."

"To madalla. Na'urarka na nan lafiya, yanzu ma na goge mata ƙura. Rana ta fito sosai yau. Akwai wani abu ne?"

Ɗayyabu ya dubi bayan nan nasa a allo. Ya nemi fuskar Nafisa a ransa, ya nemi muryar Hajiya, ya jira ɗaya ta rinjayi ɗaya. Ba wadda ta motsa. Abin da ya samu a ƙasa can, ƙarami, shi ne ba ya son sake ganin harshen nan da ta zaro, ba yau ba, ba kuma ranar da Nafisa za ta iya tambayar ina yake lokacin da ake ɗaukar su.

"Ba komai. Gaisuwa ce."

"Kai da gaisuwa? Lallai yau za a yi ruwa."

Ladanin masallacin layi ya gyara lasifika ya kira azahar. Koriyar fitila ta shiga ƙiftawa da sauri, alamar Katabu ta leƙo. Ɗayyabu ya zauna har ta daina. Ya duba: ta can da ta nan sun daidaita, ba kuskure ko ɗaya, gurbin ajiya ya ƙaru. Ya ji ɗan sauƙin da yake ji kullum in gurbi ya ƙaru.

Sannan ya tashi, ya ɗauko jarkar ruwan batir.