Gudun Wasa da Gudun Tsoro

Jiya da la'asar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na ji ƙafafun autana a kan siminti, fat-fat-fat, ya fito daga ɗaki. Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Me ka fasa?" Ya tsaya cak. Kofin shayin babansu ne. Babbar ɗiyata, wadda ke kwaleji a nan Dogon Dutsi, tana gefe da littafinta, ta ce, "Inna, ya aka yi kika sani?" Na ce gudunsa ne ya faɗa mini. Ta yi dariya, ta ce ai abin da mushe, wato malaminsu na Ingilishi, ya koya musu ke nan yau. Wai a Ingilishi akwai kalmomi biyu masu kama da juna, ɗaya ta gudun da yaro ko ɗan akuya ke yi don jin daɗi, ɗaya ta irin gudun ɓera, gajerun taku na mai neman wurin ɓuya, kuma duk ajin sun kasa riƙe wace ce wace. Ni ban san Ingilishi ba, Faransancin ma na cefane gare ni. Amma wannan darasin tun ina ƙarama na same shi a wurin kakata.

Ƙauyenmu yana can wajen Geceme, ƙasar rairayi ce, komai ya wuce sai ya bar sawu. Kakata, mahaifiyar babana, doguwar tsohuwa ce mara jiki, mai awaki da yawa da baki mai kaifi. Ban taɓa ganin ta da gudu ba. Ko tuwo na ƙonewa, da takunta ɗaya za ta isa murhu. Da safe idan ta fito kai wa awaki dusa, takan tsaya a ƙofar gida ta dubi ƙasa kamar yadda mutanen yanzu ke duba waya. Sai ta ce, "Ɓera ya kwan bisa rumbunmu." Ko ta ce, "Ɗan akuyar nan ya ƙoshi, dubi yadda ya yi ta tsalle." In na tambaye ta yaya ta sani, sai ta dungure mini kai ta ce idanuna na ado ne.

A hankali dai ta nuna mini. Mai gudun wasa sawunsa ba ya tafiya miƙe. Ya yi nan, ya yi can, ya zagaya, wani wurin ƙafa biyu a haɗe inda ya yi tsalle, diddige da yatsu duk sun fito. Mai gudun tsoro kuwa takunsa gajeru ne, a matse, yatsu kawai ke nutsewa, kuma ba ya karkata sai ya sami abin da zai shige. Na ɗauke shi wasa ne irin na tsofaffi, har ranar da ƙanena ya ɓata.

Tsakiyar damina ce, hatsi ya fi babana tsawo, gonaki sun zo har bayan danga. Ƙanena bai daɗe da yaye ba, ya iya magana amma bai san hanya ba. Kakata mijinta take ce masa, shi kuma ya yarda da gaske, har kishi yake in ta ba wani fura kafin shi. Ranar an yi yayyafi da safe. Bayan azahar innata ta neme shi don ta yi masa wanka, ba ya ɗakin kaka, ba ya maƙwabta, ba ya gindin rumbu inda yakan zauna da motarsa ta kara. Ga hadari ya fara haɗuwa daga gabas, baƙi ƙirin. Kowa ya san abin da ke bayan gonaki: wani kwazazzabo ne mai zurfi, busasshe ƙayau, amma da an yi ruwa a kan tudu sai ya cika ya ɗauki har jaki.

Wayyo, ranar na ga gudu! Babana ya nufi rijiya ba ko takalmi. Samari suka bazu cikin hatsi suna ƙwala kiran sunansa, wasu suna buga gwangwani. Gwaggona ta zube tana cewa Doguwa, aljanar tsamiya, ce ta ɗauke shi, a kira masu bori. Kawuna, wanda ya dawo daga fatauci da gajeren wando da sabon karatu, ya ce ta ji tsoron Allah ta daina. Suka kaure da gardama a kan yaron da babu wanda ya san inda yake. Ni kuwa kuka kawai nake, don a bayana ya girma, kuma ban san inda zan sa kaina ba in aka ce babu shi.

Kakata ta fito da ƙwaryar dusa a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ku tsaya inda kuke. Kuna tattake mini yaro." Ta zagaya bayan danga a sunkuye, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kife ƙwaryar a kan wani ɗan sawu don kada wani ya taka. Ta auna shi da tafin hannunta, ta ɗauki ƙwaryarta, ta shiga hatsi. Innata ta bi ta, ni ma na bi, babu wanda ya kore ni.

Tafiyar nan ta kusa kashe innata. Iska ta taso, ganyen hatsi na yankar fuska, ita kuwa tsohuwa tana takawa kamar mai zuwa gaisuwa. Innata ta ce, "Don Allah Inna, mu yi sauri." Kakata ta ce, "Saurin ke nan nike yi." Ta nuna mana sawun ɗan akuya a gaba, na yaro a baya, sun yi nan sun yi can, ga inda ya faɗi ya dafa hannu ya tashi. Ta ce, "Nan dariya yake." Na ji zuciyata ta ɗan sauka.

Can ƙarshen gonar kawuna ta tsaya. Motar kara na yashe a ƙasa. Kusa da ita ga faffaɗan sawun raƙumi, na wani mai wucewa, ga inda ya durƙusa ya tashi. Sawun ɗan akuya ya juya gida. Na ƙanena kuwa ya canza, ko ni na gani: ƙanana, a matse, yatsu zalla, miƙe sak zuwa kwazazzabo. Innata ta buɗe baki za ta ƙwala kira, kakata ta toshe mata baki da hannu. Ta ce, "Yaron da tsoro ya kora ba shi amsa ihu. Ƙara shigewa yake. Duk kururuwar can da suke yi, yana ji." Wato tun ɗazu yana jin sunansa daga ko'ina, da gwangwanaye, yana zaton abin da ya biyo shi ne.

A bakin kwazazzabon sawun ya ɓace, don ƙasar wurin tsakuwa ce. Geza da sabara sun rufe gangaren, ramuka ko'ina a ƙarƙashin saiwoyi. An fara ɗigon ruwa manya-manya, kuma daga can sama muna jin wani irin gurnani wanda ba tsawa ba ne. Wallahi da ni ce da na faɗa ciki ina yaye rassa. Kakata sai ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta ƙwanƙwasa ƙwaryarta da yatsa yadda take yi kullum in ta gama damu. Da muryarta ta kowace rana, har da 'yar tsokana, ta ce, "Wai ina maigidana ya shiga? Ga fura na dama. To shi ke nan, bari in ba yayarsa ta shanye."

Sai daga ƙarƙashin wata geza, ƙasa da mu kaɗan, wata 'yar murya ta ce, "Kar ta sha!"

Innata ce ta dira ta fizgo shi, jikinsa duk ƙarangiya. Ba mu kai tsakiyar gona ba ruwan ya kece. Washegari babana ya kai ni na ga wurin. Gezar ma babu ita, ruwa ya tafi da ita har saiwa.

Abin da ya fi zama mini a rai ba wannan ba ne. Da muka isa gida mutane suka yanyame yaron, wannan ya ɗauka wannan ya karɓa, gwaggona da kawuna kowa na cewa ga abin da ya faɗa. Babu wanda ya kula da kakata. Na same ta a ɗakinta a jiƙe, ta ce in ba ta ruwa. Na miƙa mata moɗa, ta kasa riƙewa. Hannuwan nan da suka ƙwanƙwasa ƙwarya ba rawa, sun kama kakkarwa har ruwan ya zube a zanenta. Ni na riƙe mata ta sha. Ta ce, "Ƙafafuna sun so su yi gudu tun daga ƙofar gida. Hana su na yi." Sannan ta harare ni ta ce in na gaya wa wani sai ta cire mini kunne.

Ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ƙanena yanzu babur gare shi, tsakanin Tibiri da Dogon Dutsi yake jigila, ga 'ya'ya, kuma har yau ba ya son raƙumi. Nan inda muke ƙofar gida siminti ce, titi kuma tayoyi sun gama da shi, ba abin da za ka karanta a ƙasa. Abin da ya rage mini a kunne yake. Shi ya sa jiya ban daka wa autana tsawa ba, na ce ya zo ya taya ni tsintar shinkafa, ya zo yana sharar hawaye.

Da na gama ba ɗiyata labarin, ta duba littafinta ta ce, "To ita kaka, wace kalma ce tata a cikin biyun?" Na ce ta rufe littafin, babu tata a ciki. Matar nan tsoronta ya fi na kowa a ranar, ba ta yi gudu ko taku ɗaya ba, kuma ita ta riga kowa isa.