Garin Maka da Na Lasa Kwana Bakwai

A da, a Gummi, mace ba ta shan magani sai mai shi ta fara lasa a gabanta. Tsohuwar da ke haƙo mana saiwa a bakin fadama takan dangwala da yatsa, ta kai baki, sannan ta miƙo. Na zauna Kumasi da Ngaundere da maigidana, Allah ya jiƙansa, na yi shekaru a Makka, ko'ina kuwa mai magani tana da ƙofar gida da za a koma mata. Yanzu magani a gwangwani yake zuwa a bayan babur, ba wanda ya taɓa ganin mai haɗa shi.

Tun da maigida ya rasu ni kaɗai ce a gidan, sai dai jefi-jefi matan unguwa su kawo mani irin wannan magani in lasa masu. Mai leƙo ni sosai ɗiyar ƙanwata ce da ke aure a Yargalma. Yaranta biyu sun rasu a shekarar gubar dalma, lokacin da ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje, kuma tun daga nan ba ta sake samun ciki ba.

Wata rana da hantsi ta zo da gwangwani a ƙulle cikin gyale.

"Inna, ke da kika ci tuwon ƙasa bakwai, duba mani wanga. Maka sunansa. An ce yana kawo haihuwa."

Na sa tabarau. Turancina na kasuwar Kumasi ne, amma na gane cewa garin saiwa ne da ake nomawa a duwatsun Peru, can kuma abinci ne. Ya yi kama da garin kuka, yana ƙamshin ƙanzo. Na ce ta bar mani shi.

Kwana bakwai ina dama shi a kunu kowace safiya. Ina zaune ni kaɗai a gindin darbejiya, ina sauraron jikina. Ban ji komai ba. Gaskiya ma na ji daɗin kwanakin nan, don na daɗe ban tashi da aikin da wani ke jira ba.

Kafin ta dawo na kai gwangwanin wa malamar asibiti da ke haya a bayan gidana, mutuniyar Filato. Da na gaya mata abin da na yi sai ta yi dariya.

"Hajiya, ciki kike nema ke ma?"

"Idan ya zo, ke za ki karɓi haihuwar."

Ta juya gwangwanin, dariyar ta tsaya. Ta ce mata da yawa suna sha lafiya, amma ba a tabbatar yana sa haihuwa ba, kuma ba a san abin da yake yi wa mai ciki ko mai shayarwa ba. Mai maƙoƙo ko ƙari a mama sai ta ga likita tukuna. Wannan ma ba lambar rajista a jikinsa, kuma saiwa tana iya ɗebo dalma daga ƙasar da ta fito.

"Dalma ba ta da ɗanɗano, Hajiya. Kin fi ni sani."

Na sani. Matan Yargalma sun ɗanɗani kowane abinci kafin su ba yaransu.

Da ɗiyata ta dawo, ta tarar da ni da ƙarfina, fuskarta ta washe.

"Ga ki nan garau. In sha ke nan?"

Na so in ce ta sha, don ta ci gaba da kawo mani tambayoyinta. Na ce, "Kada ki sha. Lasar da na yi ba ta nuna komai ba. Cikin tsohuwa ba naki ba ne. Ku je asibiti ke da mijinki a duba ku."

Ta ɗaure gyalenta, ta bar gwangwanin a kan tabarma.

Sun je. Yanzu asibitin Bukkuyum take bi, ba ta cika biyowa ta Gummi ba, sai gaisuwa a waya ranar Juma'a. Daga ranar nan na daina lasa wa kowa magani, mata kuma suka daina kawo mani.