Rijiyar Habi, a Littafi da a Fim

A gidanmu na Moriki, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun kakata, Inna Delu, tana gasa mana masara tana zuba tatsuniya. Idan ta kwaikwayi muryar kura, har manyan gida sukan dakata da hirarsu.

Shekarar da na iya karatun Hausa, kawuna da ke koyarwa a Shinkafi ya kawo mini wani littafi mai yagaggen bango. Inna ta jujjuya shi, ta miƙo mini.

"To angona," in ji ta, don haka take tsokanata, "yau kai ka ba da labari. Karanto muna mu ji."

Labarin wata bazawara ce mai suna Habi. Fari ya faɗa wa garinsu, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka watse. Ita kuwa ta ɗauki dagi ta shiga busasshen gulbi tana haƙa. Ramin ya rufta, ta koma gefe ta sake wani. A ƙarshe ruwa ya tsattsafo, ɗan kaɗan, mai laka, amma ya isa mutane suka fara dawowa da ɗai-ɗai. Ina karantawa ina tuntuɓe da kalmomi, Inna kuwa ta manta da masara har ta ƙone. Sai ka ji tana cewa, "Haƙa, ɗiyata, haƙa!" kamar Habi na jin ta.

Inna ta rasu kafin ƙasarmu ta rikice. Da 'yan bindiga suka hana mu zuwa gona, na kwashe iyalina muka kama haya a Kaura Namoda. Na zama mai zaman bakin titi, ina ganin kaina matsoracin da ya gudu ya bar gonar ubansa. Har wani ya taya gonar, na kusa sallamawa.

A cikin wannan hali na ji an mayar da littafin nan fim. Na je wurin masu turawa a waya, na dawo muka zauna da 'yata Rabi muna kallo. Gaskiya sun yi ƙoƙari. Ƙishirwar da littafin ya faɗa a layi biyu, a nan na gan ta a leɓunan yara. Amma da ramin farko ya rufta, sai Habin fim ta zauna tana kuka tana waƙa, har wani attajiri ya iso daga birni da motar haƙa rijiyar burtsatse. Ruwa ya yi tsiri, ya aure ta, aka tashi.

Rabi ta dube ni. "Baba, mu yaushe mai motarmu zai zo?"



Washegari na zazzage buhun tarkacen da muka taho da shi, na samo littafin. Ya fi yadda nake tunawa gajarta, wasu wuraren ma akwai jan rai. Ina tsakiya sai na ci karo da babin da na manta kwata-kwata, wanda fim ɗin ma ya tsallake. Ashe Habi ita ma ta bar garin. Da yunwa ta kusa kashe ɗanta, ta goya shi ta tafi wani gari, ta yi wa mutane daka da surfe har suka murmure, sannan ta komo kan dagi.

Nan yammacin da na fara karanta wurin ya dawo mini. Na tuna na rufe littafin da haushi, na ce ashe ita ma matsoraciya ce. Inna ta ɗaka mini duka da mafici.

"Buɗe ka ci gaba! Matacce na haƙa rijiya? Ta tai ta sha ruwa, ta samo ƙarhin komowa."

Ina yaro na ɗauka jarumi shi ne wanda bai taɓa ja da baya ba, shi ya sa ƙwaƙwalwata ta jefar da babin. Sai da na ja da baya ni ma na fahimci maganar tsohuwar. Ƙaura ba kunya ba ce. Abin kunya shi ne zaman jiran mota.

Na aika wa mai tayin gona cewa na fasa. Na tafi garin Ɗan Isa wurin surukina, ya ara mini wani fako da kowa ya raina. Na zuba masa taki, na shuka gero. Rabinsa bai tsiro ba, na sake shukawa.

Yanzu bayan magariba nakan karanta wa Rabi shafi kaɗan. Ranar da muka kai wurin da Habi ta goya ɗanta ta bar gari, Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Za ta dawo ko, Baba?"

Na ce, "Za ta dawo, da ƙafarta. Mu ma haka, in Allah ya yarda."