Gonaki ukun da Maliki bai auna ba

Shekara talatin da ɗaya Malam Maliki ya yi yana awon amfanin gona wa masu bincike, tsakanin Jiratawa da Tibiri. A zamaninsu ma'auni na rataye ne, ana ɗaure shi a reshen gawo, mutum ya ɗaga dami ya rataya, ya jira allurar ta daina rawa. Maliki ba ya karanta ta tana rawa. Yana da wata ƙa'ida da ya kafa wa kansa: abin da ya auna da hannunsa da biro yake rubuta shi a kaye, wato littafinsa na awo, abin da aka faɗa masa da baki kuwa da fensir.

Yanzu ya aje aiki, yana zaune a Sabon Gari, yana kiwon tumaki huɗu da ciwon gwiwa.

Wata Laraba da hantsi Safiyatu ta yi sallama. Malamar jami'a ce yau, amma shi ya san ta tun tana ɗaliba a hannun marigayi Dokta Hamidu, tana tsoron kunamar cikin dami. Bayan gaisuwa ta fito da wasiƙa. Shekara tara da suka wuce Dokta da ita sun buga sakamakon gwajin wani sabon irin hatsi a wata mujallar masana, daga gonaki goma sha biyu na Tibiri. Yanzu wani mai karatu ya lura cewa a gonaki huɗu nauyin dami iri ɗaya ne, babu bambancin ko rabin kilo. Editan ya manna sanarwar shakka a kan aikin, ya nemi a aiko da asalin kayen awo cikin wata ɗaya. In babu, za a janye aikin, a rubuta cewa ba a san inda lambobin suka fito ba. Kowa kuma zai karanta hakan a matsayin Dokta ya ƙirƙiro su.

Maliki ya san gonakin tun kafin ta ƙare. Uku daga ciki na wani gidan Anna ne, masu riƙe da al'adar kakanni. A wancan gida ba a barin baƙon hannu ya taɓa sabon hatsi sai an yi yankan gida na al'ada. Ya je sau biyu aka ba shi haƙuri da fura. Da ya koma na uku, hatsi ya shiga rumbu, an yaɓe baki. Maigidan ya faɗa masa yawan dammunan, shi kuma ya ɗauki nauyin damin maƙwabci, mai gona ta huɗun, ya lissafa da shi, ya rubuta da fensir. Wadda ta buga lambobin a na'ura ba ta san bambancin fensir da biro ba. Da mujallar ta fito ya gani, ya yi niyyar faɗa wa Dokta ranar Litinin. Litinin ta yi ta wucewa har aka kai Dokta makwancinsa.

"Baba, in gara ta ci kayen, ka ce mini ta ci," in ji Safiyatu. "Babu mai tuhumarka. Sunanka ma a wurin godiya kawai yake."

"Garar gidan nan ƴar lakkwal ce, ɗiyata, ta yi makaranta, ba ta cin takarda."

Ya shiga ɗaki ya jima, ya fi yadda buɗe akwati ke buƙata. Ya fito da kayen a cikin leda, ya buɗe mata shafin, ya sa yatsa a kan layuka ukun da suka dusashe.

Ta ce za ta rubuta wa editan cewa kuskure aka samu wajen tattara bayanai, ba sai an ambaci kowa ba. Maliki ya ƙi. Ya ce in ba a faɗi mai kuskuren ba, mutane za su ɗora shi a kan wanda ba ya iya ba da amsa. Shi ya rubuta bayanin da hannunsa, da Faransancin da ya daɗe bai taɓa ba, ya sa hannu da kwanan wata.

Sai da aka yi wata biyar. Editan ya tura hoton shafukan ga masana biyu, aka cire gonaki ukun aka sake lissafi. Sabon irin ya ci gaba da fin na gargajiya, sai dai ba yadda aka faɗa da farko ba. Mujallar ba ta janye aikin ba. Ta buga gyara na rabin shafi, ta ɗage sanarwar shakka, ta ce ƙiyasin mai awo ne, M. Maliki, kuma marubutan ba su san da shi ba.

Maliki ya ɗauki takardar gyaran ya hau kabu-kabu zuwa unguwar Zariya, gidan Hajiya Uwani, matar marigayin. Ba ta karanta Faransanci, sai ya fassara mata layi-layi, bai tsallake sunansa ba. Ta saurara tana tsince wake a faifai.

"Shi bai sani ba ke nan, har ya tafi?"

"Bai sani ba, Hajiya."

"Da ka faɗa masa, Maliki. Da ya yi maka faɗan kwana biyu, na uku ya aiko a kira ka cin tuwo."

Ya ce haka ne. Ta karɓi takardar ta ninke, ta ce za ta nuna wa yaran in sun zo Sallah, sannan ta tambaye shi gwiwar.