Kunnuwan Karen Malama

Shekaranjiya maƙwabciyata ta dafa ganyen darbejiya saboda ƙurajen ɗanta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina wanke-wanke. Na tsaya da kwano a hannu. Wataƙila kai in ka shaƙi wannan ɗacin zazzaɓi kake tunawa. Ni kare nake tunawa, da kakata a tsugune a bayan gidanmu na Kwaciri, ta ɗaure hancinta da gefen mayafi.

Na san za ka ce me ya haɗa gidan malamai a Fagge da kare. Mu ma haka muka ce. Kakana malami ne, manya na ɗaukar karatu a zaurensa. Kakata kuwa mace ce mai ƙyanƙyami, ko kyanwa ce ta shinshina kwano sai an sake wanke shi. Amma tana da aminiya a Sabon Gari, wata tsohuwar malamar makaranta, Kirista, 'yar wajen Zariya, wadda ta koyar da babana a firamare. Malama kowa ke ce mata. Duk ranar da Kaka ta je kasuwar Sabon Gari sayen zare sai ta biya ta gidanta, ni ce 'yar rakiya mai riƙe jaka.

A can na fara ganinsa, na kuma ƙame a bakin ƙofa. Karnukan da na sani na bola ne, ramammu, masu guntayen kunnuwa. Wannan gajere ne, gashinsa kalar zuma, yana sheƙi yana lanƙwasa, kunnuwansa sun zubo har suna share ƙasa in ya sunkuya. Idanunsa kullum kamar wanda aka gama yi wa faɗa yanzun nan. A hanyar komawa na tambayi Kaka ko tunkiya ce ta haife shi, ta ce in rufe mata baki. Sai da na girma na ji sunan irinsu, wai koka sifaniyel. Wata Baturiya ma'aikaciyar jinya ce ta bar wa Malama shi da za ta koma ƙasarsu.

Lokacin ciwon suga ya fara cin idon Malama. Tana hira da Kaka, hannunta yana kan kunnen karen, tana murza gashin a hankali kamar mai taɓa yadi a kasuwa. Kaka kan tattare zaninta ta koma can ƙarshen kujera, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta son ya matso ta ba.

Gab da damina 'yar Malama ta zo ɗaukarta zuwa Kaduna neman maganin ido. Gidan da take haya a can ba a yarda da kare ba. Sai ga tasi a ƙofar gidanmu, Malama ta fito da igiyar karen a hannu.

"Hajiya, ba ni da wanda zan bar wa shi hankalina ya kwanta sai ke."

Kaka ta ƙi miƙa hannu ta karɓi igiyar har na ji kunya ta kama ni. Kakana ne ya yanke maganar daga zaure. Ya ce amana ce, a karɓa, amma kada ya shiga ɗaki, kada ya shiga zaure, kwanonsa daban. Aka gyara masa lungun bayan gida, gindin darbejiya.

Ruwa na sauka matsala ta fara. Babu wanda ya gaya mana cewa irin waɗannan kunnuwa aiki ne. In zai ci, su faɗa cikin miya. In zai sha, su jiƙe, kuma ba sa bushewa, don iska ba ta shiga ƙarƙashinsu. Ya fara kaɗa kai, yana sosawa da ƙafa har jini ya fito. Sai wari, sai ƙudaje. Karen da nake zuwa kallo kamar wani abin al'ajabi ya koma kwance, kansa a karkace, ya daina cin abinci.

Ƙanin babana yana da abokai mafarauta. Wata safiya ya shigo da ɗaya daga cikinsu ta ƙofar baya, mutumin yana wasa wuƙa a tafin hannunsa. Kada ka ɗauka mugunta ce. Haka ake yi wa kare a wajenmu, in kunne ya dame shi a yanke, a shafa baƙin mai, ya warke ya huta. Har sun danne shi, ni kuma na ruga ina kuka na kira Kaka.

Ta fito da ludayi a hannu, ba ta ɗaga murya ba.

"Da kunnuwa aka kawo mini shi."

"Inna, wahala yake sha," in ji ƙanin babana. "Taimakonsa za a yi."

"Matar nan ba ta gani. In ta dawo ta miƙa hannu, me za ta taɓa?"

Mafaraucin ya mayar da wuƙarsa kube. Da yamma babana ya kawo maganin ɗigawa daga wajen likitan dabbobi, da sharaɗin a riƙa goge kunnen safe da yamma, a kuma bar iska ta shiga. Kowa ya ji sharaɗin, kowa ya sami abin da zai yi a wani wuri.

Kaka ce ta tsuguna. Matar da ba ta iya zama kujera ɗaya da shi, ita ce ta ɗaga kunnen nan mai ɗoyi da yatsunta. Ina riƙe da kansa a cinyata, tana goge ciki da auduga, ta ɗiga magani, ta wanke gyambon waje da ruwan darbejiya mai ɗumi. Ta sa almakashin ɗinkinta ta rage gashin ciki, daga ranar ba ta ƙara yanka yadi da shi ba. Wani lokaci takan tashi da sauri ta je bayan bishiya ta yi amai, ta kurkure baki ta dawo ta ƙarasa. In ta gama ta wanke hannuwanta da sabulu da toka har su yi ja, ta sake zani kafin ta yi salla.

Ita ce kuma ta yago tsohuwar atamfa ta ɗinka masa ɗan maɗauri, take tattare kunnuwan ta ɗaure su a saman kansa in zai ci abinci. Yaran unguwa suka riƙa hawa katanga kallon kare mai ɗaurin ɗankwali. A gidan suna mata suka sa mata uwar kare. Ta ji, ta ci tuwonta. Haka muka yi har damina ta ɗauke. Warin ya tafi, gashin ya fito sabo, ya koma bin ƙadangaru kunnuwa na tashi sama.

Malama ta dawo ana jan hannunta. Idon ya tafi gaba ɗaya. Aka zaunar da ita a tabarma a tsakar gida, kakana ya ce yau kam a sako karen. Ya zo a guje ya faɗa jikinta. Hannayenta suka lalubi kansa, suka sami kunnuwan, suka bi su a hankali har ƙarshe. Sai ta kai yatsunta hanci. Ta ɗan tsaya, sannan ta miƙa hannu tana neman Kaka, ta kamo tafinta ta shinshina. Ɗacin darbejiya ya riga ya zauna a fatar, sabulu bai iya fitar da shi ba.

"Hajiya, ke da kanki?"

"Sakar mini hannu, Malama, ina da tukunya a wuta," in ji Kaka. Amma ba ta janye hannun ba, kuma babu tukunyar da ke wuta.

Yanzu gidan Malama ya zama bene mai shagunan waya. An sare darbejiyar gidanmu an yi ɗaki a wurin. Irin karen nan kuwa ina ganinsu a bayan motoci a Titin Ibrahim Taiwo, an ce har masu yi musu wanka da aski ake biya, babu yaron da ke tsayawa kallo. Abin da ban cika gani ba shi ne tsohuwa daga Fagge ta tsallaka Sabon Gari don hira kawai.

Da na yi wayo, Kaka ta tsufa sosai, na taɓa tsokanarta na ce ta faɗa mini gaskiya, ai daga baya ta so karen nan. Ta harare ni, ta yamutsa fuska kamar yanzu ta ɗaga kunnen.

"Ko kusa. Har ya bar gidan nan ƙyamarsa nake ji. Malama nake so."